Bakin Kibiya a Hawa na Huɗu

Danau Kota, Kuala Lumpur
9 ga Afrilu, 2020

Zuwa ga Maman Hureira,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Hureira. Ya ƙafar Iya, da sauƙi? Ni lafiyata ƙalau, zaman ɗaki ne ya ishe ni. Sati uku ke nan da kullen korona, jami'a a rufe, ko shayin mamak, wato shagunan abincin nan na bakin titi, sai dai ka saya ka dawo da gudu. Na auna falonmu, taku goma sha ɗaya ne. Seth, mutumin Jos ɗin nan da muke zama tare, ya rantse in na ƙara zagayawa zai ɗaure ni a kujera.

Kin san bincikena a kan ɗaliban kwalejojin Amurka ne na wajen 1890, da ƙwallonsu da ake runguma a ruga da ita. Yaran nan ba su da hankali, Zuhra, kuma ina son su. Babu hular kwano, sai su tara suma wai ta kare musu kai. Ni ma na bar tawa, tunda masu aski sun rufe. Suna da wani salo: su jeru kamar bakin kibiya, mai ƙwallo a tsakiya, su afka wa abokan karawa. Malamata ta dawo mini da babin da na yi a kan salon nan, wai na rubuta shi kamar wanda bai taɓa gudu ba. Ta hana ni sukuni domin gaskiyarta ce, a zane kawai na san abin. Wata huɗu ya rage in gama, babin nan ya tsaya mini a wuya.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Naki,
Mus'ab

Danau Kota
17 ga Afrilu, 2020

Zuhra,

Ina gaisuwa, da fatan duk kuna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Ran Talata bayan la'asar na tara 'yan gida shida a wurin ajiye motoci na hawa na huɗu, inda ba kowa. Seth ya ƙi har sau biyu, domin ran Alhamis mai zuwa zai kare kundin digirinsa ta intanet, amma na matsa masa. Muka sa takunkumi, muka ɗauki matashin kai a matsayin ƙwallo, muka jeru, muka ruga sau uku. Wallahi a nan na gane abin: mai ƙwallo ba ya ganin komai sai bayan ɗan'uwansa, tura shi ake yi, yarda ce kawai ke tafiya da shi. Tun da na zo ƙasar nan ban yi dariya irin ta ranar ba.

Ashe akwai kyamara. Shekaranjiya manajar ginin ta kira ni. An hana taro, kuma ta ce dole ta sanar da jami'a. Takunkumi ya rufe fuskokin sauran, ni kuwa sumar nan ta tona mini asiri. Ta nemi sunayensu, ta ce in na bayar za a sassauta mini. Na tsaya ina kallon hoton Seth yana riƙe da rigata, na kasa. Na ce ni na shirya, a rubuta ni kaɗai.

Kwamitin jami'a zai zauna ran Litinin. Ana iya yi mini gargaɗi, ana iya korata, bizar ma ta tafi. Babin kuwa na gyara shi jiya, ya yi kyau, ban san ko akwai mai karanta shi ba.

Ina jin tsoro, kuma ina jin kunyarki, bayan shekara uku kina haƙuri. Kar ki gaya wa Iya tukuna. Sunan nan da kika sa mini a wayarki, Dakta, ki mayar da shi Mus'ab.

Ki yi mini addu'a, ki kuma yafe mini.

Mijinki,
Mus'ab