Kanwar da Na Zuba wa Murjanin Hajiya

Salamu alaikum masu wannan shafi da masu karantawa. A ɓoye sunana don Allah, kuma kada a yi mini dariya sai na kai ƙarshe. Lakwal ɗina, wato boko, bai wuce aji biyu ba, in kun ga rubutu ya karkace, haka mai shi yake.

Ni dattijo ne daga Matameye. Da damina ina noman gero, da rani in tafi Legas gadi a gidan wata likita 'yar Kano, shekara tara ke nan. Hajiya tana da wani tankin gilashi a falo, cike da ruwan gishiri, tana kiwon murjani a ciki. E, murjanin da mata ke ratayawa a wuya, amma mai rai, mai rassa kamar ƙahon barewa. Ba ta yarda kowa ya taɓa tankin. Aikina kawai in cika wani bido, wato jarka, da tataccen ruwa, wanda ke maye gurbin wanda ya ƙafe. Ita ko duk sati sai ta ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ta riƙa ɗiga magani tana ƙirgawa har launi ya juya. Ta ce in ɗigon ya kai takwas lafiya, in ya yi ƙasa murjani ba zai iya gina ƙashinsa ba, in kuma abinci ya yi yawa gansakuka ta rufe shi. Nata kullum shida, abin ya ƙi girma, tana ta tsaki.

Ran nan na ce, "Hajiya, wai wannan dutse ne ko itace?" Ta ce, "Dabba ce, Baba." Dabba? To ni da na tashi cikin awaki, dabbar da ta ƙi girma me ake ba ta? Ga kanwa ungurnu a jakata, wadda matata ke ƙulla mini saboda ciki. Na ɓantari kamar ƙwayar wake, na jiƙa, na tace da bakin rawanina, na zuba a bidon. Wallahi ba da mugunta ba, karambani ne, tun ina yaro yake wahalshe ni.

Abin haushin, sai ya yi aiki! Ɗigo ya koma bakwai, ya koma takwas. Hajiya ta rage maganin da take zuba wa tankin, daga baya ta daina sa shi ɗungurungum, wai ruwanta ya daidaita da kansa. Rassa suka yi tsiro. Baƙi na zuwa tana yi musu bayani da Turanci, ni ina bakin ƙofa ina cizon leɓe kada dariya ta kuɓuce. Wata biyar ina wannan likitanci.

Da damina ta kawo kai sai na kira mijin 'yata, bari in ce masa Habu, ya riƙe mini gadin, don gonarsa ba ta ciyar da su. Na nuna masa komai: ƙofa, janareto, bido. Kanwa kaɗai na ɓoye. Ta yaya zan dubi surukina in ce masa ina jiƙa wa dutse kanwa a ɓoye? Na ce a raina ai abin ya riga ya warke.

Hajiya ta tafi Umara, ta biya Kano, sati biyar ba a gwada ruwa ba. Ta dawo ta tarar murjani ya fara fari tun daga gindi kamar ƙashi. Ɗigo huɗu. Ta ce ruwan da ya yi watanni lafiya ba zai lalace haka kawai ba, Habu ne ya zuba wani abu ko ya sa ruwan famfo.

Ina cikin gona Habu ya kira. "Baba, don girman Allah, akwai abin da kuke yi wa bidon nan da ban sani ba?" Na ce, "Kamar me?" Ya ce, "Ko addu'a ce." Na ce babu. Da furfurata na ce babu! Har na ƙara da cewa ya dinga lura da aikinsa.

Jiya kuma Hajiya da kanta ta kira. "Baba, kai shekara tara ba ka taɓa sa hannu a kayana ba. Wannan kuwa ya rantse mini da ƙarya. Ranar Juma'a zai tafi, ka turo mini mai amana irinka." Irina! Na ce, "To, Hajiya." 'Yata ta zo da goyo ta zauna a tsakar gidana, ta ƙi cin tuwo.

Ni fa abin da ke ci mini rai, ni na rayar da murjanin nan, kuma ni na kashe shi, kuma wanda bai san komai ba shi za a kora da sunan maƙaryaci. In na faɗa, Hajiya ta san amintaccen nata ne ɓarawon tanki, gadin ya tafi daga ni har shi watakila, surukina kuma ya san na yi masa ƙarya yana roƙona da Allah. Na yi tunanin in aika masa kanwar a mota ya zuba shiru, sai na tuna shi ke nan na mai da shi abin da ake zarginsa.

Yau Talata. Lambar Hajiya na cikin salulata, na latso ta sau uku ina kashewa. Jama'a, me zan yi?