Farin Yadin Adakar Inna

Asabar, 4 ga Mayu 2024
Tsafe. Kakata Inna Ladidi ta ce in buɗe adaka in ɗauki tsohon zane don aikin rini na makaranta. Can ƙasa na ga farin yadi sabo dal, ba ɗinki. Shi na ɗauko. Wa zai kai tsumma gaban Malam Umar?

Laraba, 8 ga Mayu
Gusau. Na tsoma shi a ruwan baba sau da yawa, na sassaƙa hatimi da sakaina, na buga da ruwan goro da karan dafi. 'Yan aji suna ta dariya wai na koma tsohuwa, ga kalar kanti a kasuwa. Su sha dariyarsu. Hannuna shuɗi har gwiwa.

Juma'a, 10 ga Mayu
Malam Umar ya daɗe tsaye a kansa. Ya ce shi za a rataye a ƙofar baje kolin ƙarshen shekara. To masu dariya, ina bakin?

Lahadi, 12 ga Mayu
Kawu Mu'azu ya zo daga Bungudu ko zama bai yi ba. Ashe likkafanin Inna ne. Daga Makka ta zo da shi, ta wanke da zamzam, ta ajiye tun ba a haife ni ba. Kuma ƙafafunta ba za su sake kai ta can ba.
Ya ce, "Wasila, boko ya cinye miki hankali!"
Na ce an rubuta a jiki ne? Ni aka ce in buɗe adaka. Ba zan ba kowa haƙuri ba, kuma sai an rataye shi.

Talata, 14 ga Mayu
Na jiƙa gefe ɗaya a ruwan bilic, don gwaji kawai. Shuɗin baba ba ya fita. Raina ya ɓaci, ban ci abinci ba.

Asabar, 18 ga Mayu
Tsafe. Na zo da shi don Inna ta gani, ba don wani abu ba. Na shirya amsoshi tun a mota. Inna ta shimfiɗa shi a cinya tana bin zanen da yatsa, ta ce, "Ke kin ka yi wanga da hannunki?" Na ce e. Ta ce Mu'azu ya sayo wani farin a kasuwa, na ciki ke nan. Wannan kuwa a rufa mata a saman makara, mutane su gani.
Ko ɗaya cikin amsoshin ban faɗa ba. Na ji tsoro, wallahi.

Litinin, 20 ga Mayu
Yau baje koli. Malam ya kira, na ce kaina ke ciwo. Ina nan Tsafe. Bakin yadin ne ke zarewa, ina daje shi da allura, kuma ba na sauri.