Sulon Motarka

Zuwa ga aminina Alhaji Idi Direba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba karantawa za ka yi ba. Ko da ranka ma cewa kake ajamina ba ya karantuwa. Amma akwai abin da ke damuna, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Gida lafiya. Hajiya Rabi ta fita takaba, ta ɗan rame. Dawa ta yi kyau a Mabai bana, masara ce ta ba da kunya. Kankara kuwa ta cika da motoci 'yan Kwatano. Tunda kuɗin mai suka zubo, duk wanda ya samu kwangilar kwalbati sai ya sayo mota, kuma babu mai kafireto a cikinsu. Duk injekta ne, irin taka.

Ka tuna ranar da ka kawo motar taka garejina? Da ka tsaya ɗaukar fasinja sai ta yi karkarwa ta mutu. Na buɗe bonet ina neman sukurun sulo, wanda ke saita bugun inji in mota na tsaye, babu. Wai wani akwati ne a ɓoye yake auna mata mai da iska. Injin da ba shi da inda mutum zai sa sukudireba ya lallashe shi, wannan inji ne? Na rabu da akwatin, na ɗaure wayar totur, na ɗaga sulon da kunnena har ta daina mutuwa. Daga ranar ta samu gurnaninta. Matan Mabai da shi suke sanin su fito da buhunansu.

To, ɗanka Kabiru ya karɓi layinka na Faskari da Sabuwa. Ya ce wai motar tana shan mai. Bai shawarce ni ba, ya kai ta Funtuwa wajen wani mai na'ura. Mutumin ko kunne bai kai kusa da injin ba. Ya soka waya ƙarƙashin sitiyari, ya ƙura wa allo ido kamar mai duba, ya fesa wa wani bawul ruwan gwangwani, ya sassauta wayar totur ɗin nan tawa. Sa'annan ya ce wanda ya ɗaure ta mai gyaran injin niƙa ne. Kabiru ya zo ya maimaita wannan a teburin mai shayi, yana dariya. Ni da na riƙe ragon sunansa! Mi na yi wa yaron nan, Alhaji?

Kada ka ce ban da adalci. Ba ta mutuwa, ba ta karkarwa, man ma an ce ya ragu. Amma ka ji ta kuwa? Ba ka jin komi. Shiru kamar ɓarawo. Tir da gyaran da ke raba mota da muryarta.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Idona ya daɗe da fara tafiya. Tun kana nan ba na gane fuska daga tsallaken titi. Duk ranar da ka ga na miƙe na gyara maka benci kafin ka iso, ba hango ka na yi ba, jin ka na yi tun daga gada. Bayan an rufe ka ma, in Kabiru ya shigo gari nakan aje sufana in saurara, in ce ga Idi nan. Shi ke nan abin da ya rage mani naka.

Jiya ranar kasuwa ina zaune ƙofar gareji, sai na ji sallamar Hajiya Rabi a kaina. Ashe motar ta tsaya bayana, injin na aiki, har Hajiya ta sauko ta tako, ban juya ba. Ta tambaye ni ko fushi nake da su. Kabiru ya leƙo ya ce in sa wa motar albarka, ta koma sabuwa. Na ɗora tafina bisa bonet, ko motsi. Na ce mishi wannan ba motar ubanshi ba ce, ya kai ta ga mai allo ya sa mata.

Bencinka na shigar da shi ciki. Wa zan gyara wa?

Allah Ya jiƙanka, Ya sada mu da alheri.

Naka da bai sauya ba,
Tanko Makaniki, Kankara