Jan Zaren da Ke Cikin Rediyon Baba

Seoul, 3 ga Nuwamba, 2009

Zuwa ga Yayata Jeom-rye,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki da sanyin Masan? Tulun kimchin da kika aiko, kabejin nan naki mai tsami da yaji, ya iso tun shekaranjiya, amma har yau ban buɗe ba.

Na san kin gani a talabijin, ba sai na yi ta kewaye-kewaye ba. A bikin cikar kamfaninmu shekara hamsin na tsaya gaban ma'aikata dubu biyar na ce Baba da hannunsa ya haɗa rediyonmu na farko. Alhali ni da ke mun san hannunsa rawa yake tun lokacin yaƙi, ko cokali da ƙyar yake riƙewa. Shi dai mai baki ne, gwanin nemo kasuwa. Ke kika bar makaranta kina 'yar sha huɗu, kika zauna kina liƙa wayoyin rediyo da narkakkiyar dalma har yatsunki suka ƙoƙƙone, ni kuwa ina ta taƙama da sabon takalmin makaranta.

Tsautsayi ya sa na ce a fito da rediyon daga akwatin gilashin da muke ajiye shi a kunna a taron. Ya ƙi magana. Injiniya ya buɗe bayansa a kan dandamali, sai ga jan zare ɗaure a waya, irin wanda kike ɗaura wa duk rediyon da kika gama gwadawa. Ya tambaye ni ta lasifika ko aikin wa ne.

Yaya, cewa na yi wata ma'aikaciya ce, na manta sunanta. Aka yi dariya, aka tafa. Kaico! Tun ranar kunya ta hana ni haɗa ido da hotona da ke ofis.

Sha biyu ga wata ne ranar tunawa da Baba. Duk shekara, bisa al'adarmu, ni babban ɗa namiji nake zuba masa ƙoƙon giyar farko a teburin tunawa da shi, ku mata kuna kicin. Bana na gaya wa ƙannenmu ke za ki zuba. Kawu Man-sik ya ce na haukace, ba a taɓa yi ba. Ya yi ta faɗansa. Idan ba ki zo ba, ƙoƙon Baba haka zai zauna ba komai, kuma kowa zai ji dalili daga bakina.

Don girman Baba ki zo, ko zagina ne ki yi. Tulun yana nan kan teburina. Da jan zare kika ɗaure bakinsa, kuma na kasa kwancewa.

Ƙaninki mai neman afuwa,
Deok-su