Hannun da Kika Hana Ni

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa jibi Litinin zan sake zama jarrabawar samun takardar aikin jinya. Karo na biyu ke nan, kuma makaranta ta ce babu na uku. Na san masu bibiyata a shafin nan za su karanta. Su karanta, maganar tawa da ke ce.

Rubutu ba shi ne damuwata ba, ko daga barci aka tashe ni zan zano sunayen magunguna. Abin da ya kayar da ni bara shi ne firatik, inda ake kai mutum gaban majinyaci ya sa masa allurar ƙarin ruwa, Madam mai ba da maki tana tsaye a kansa da biro. Wata huɗu da rasuwarki aka yi ta. Aka ba ni wata tsohuwa daga Bibemi, hannunta siriri sak naki. Sau biyu ina sokawa ban samu jijiya ba, har Madam ta ce ya isa haka. Marta kuwa tana bakin gadon da ke kusa, soka ɗaya ta yi ta wuce abinta.

Kin dai san sai na kawo zancen Marta. Yarinyar da ta sauko daga duwatsun Mokolo da akwati ɗaya, kika ba ta ɗakin baya don ajinmu ɗaya, kafin wata uku ta fi ni zama 'yar gida. Ita kike ajiye wa ƙanzo. Ran Lahadi ke kike tashinta kada ta makara coci, ni kuwa tsintsiya kike miƙo mini.

Duk wannan na haɗiye. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne na asibiti. Da ciwonki ya yi tsanani, a ɗakin da muke koyon aiki aka kwantar da ke. Na zo da allura a faranti, na ɗaura miki igiyar roba a dantse, ina jin kaina wata babbar likita. Sai kika janye hannu a gaban mutane kika ce, "Kira mini Marta, hannunta ya fi naki sanyi." Na kwance igiyar, na fita, na tsaya a gindin dogon yaron bakin ƙofa ina kallon 'yan acaɓa. Sati biyar kika yi a gadon nan, ban taɓa jijiyarki ba ko sau ɗaya.

Ranar da muka yi miki wanka ni da Goggo Asabe na ga hannunki na hagu. Daga wuyan hannu har gwiwa tabo ne baƙi baƙi, wani kan wani. Ashe hannun Marta babu wani sanyi a cikinsa. Kuskure take yi, ki yi shiru, ki ja mayafi ki rufe, gobe ki sake miƙa mata. A kanki ta koya, Inna. Ni da kika haifa kika bar ni ina koyon allura a kan lemu da soso.

Ina kishinta, gara in faɗa ƙarara. An tura ta aiki Yagwa, tana sa hotunanta cikin farar riga, mutane suna ta sa mata albarka, ni ina wucewa ba na ko dannawa. Ta kira ni ya fi a ƙirga, ban ɗauka ba. Ba aikin nake mata kishi ba. Hannun nan naki ne, nawa ne tun ina goye, kika ɗauka kika ba wata.

Duk satin nan a tsakar gida nake yini, cikin zafin Garwa da kika sani. Na samu tsohuwar robar ƙarin ruwa na cika ta da zoɓo, na shimfiɗa a kan muciyarki, na rufe da safa. In allura ta shiga daidai sai ja ya leƙo. A kan muciya babu wanda ya kai ni, har Goggo ta ce in an kawo muciya asibiti ba shakka ni za a kira. Amma muciya ba ta motsi, ba ta kuma kallon mutum.

Yau da hantsi ina cikin wannan aikin na ji sallama. Marta ce, ƙafafunta sun kumbura don zaman mota, da ƙullin shinkafar Yagwa a kai. Na amsa mata a daƙile. Ba ta ko tsaya shan ruwa ba. Ta zauna a kujerarki ta tsakar gida, ta fito da sababbin allurai daga jaka, ta naɗe hannun riga. Ta ce ke kika sa ta yi alkawarin ba ni hannunta in koya. Wai kin ce ni in na ga kin yamutsa fuska sau ɗaya a hannuna zan bar aikin gaba ɗaya, ita kuwa uwarta tana nesa, ba ta da wanda zai ba ta hannu. Da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Na Inna ne, ba nawa ba. Zo ki karɓi kayanki."

Ban karɓi wannan uzurin duka ba, Inna. Da kin gwada ni, wataƙila da na ba ki mamaki. Amma na ɗaura mata igiyar. Na soka na farko na kuskure, na biyu ma haka. Na ɗaga kai na dube ta, fuskarta ko gezau, tana kallon bango, leɓenta na ƙasa a cije. Haka kike yi in kina kitso aka ja miki gashi. Har wannan ma ta kwasa a wurinki, ni ban samu ba.

A na uku jini ya leƙo.

Yanzu tana kwance a ɗakin baya, hannunta ya soma yin baƙi, ta ce gobe in ta dawo daga coci a koma na dama. Na dafa tuwo, na kuma ajiye mata ƙanzon, amma rabi, don kada ta saba.

Allah ya jiƙanki, Innata, ya haskaka kabarinki, ya sa kowane tabo da kika rufe da mayafi ya zame miki haske. Ya yafe mini fushin da na yi da ke kina gadon ciwo. Jibi kuma, duk tsohuwar da za ta miƙo mini hannu, Allah ya sa kada ta janye.

Taki, wadda har yanzu ba ta gama hucewa ba,
Hauwa'u