Robar Gilashin Baba

Asabar, 6 ga Yuli

Ruwa ya sake shiga motar Baba. Kujerar direba sharkaf, ciki sai warin danshi. Na duba, robar da ke bakin gilashin ƙofarsa ta waje ta mutu murus. Na ce a kai wa bakanike, ya ce ba mai taɓa masa mota. To ni zan yi. Da motar nan yake kai min 'yan matana biyu makaranta kullum, ba zan bari su riƙa shaƙar wannan wari ba.

Lahadi, 7 ga Yuli

Na sayo sabuwa. Na sauke gilashin ƙasa, na naɗa tsumma a bakin sukundireba kar in kankare fenti, na riƙa ɓamɓarar tsohuwar a hankali. Maƙalanta sun ba ni wuya, har da yanka a yatsa. Sabuwar kuwa na danna ta da tafin hannu, ƙas, ƙas, ta zauna.

Abin da ya tsaya min a rai: robar sauran ƙofofin lafiya lau. Tasa kaɗai ta cinye, a tsakiya kuma, ta lotsa ta yi sulɓi kamar hannun tsohuwar kujera. Wannan ba cin rana ba ne.

Wani maƙali ya faɗi kusa da ƙafar Baba, na ce ya miƙo min. Ya daɗe yana laluben ƙasa. Abu fari fat a kan baƙin siminti.

Talata, 9 ga Yuli

An yi ruwa. Kujerar ta sake jiƙewa! Na rufe gilashin na sheƙa masa bokiti guda, ko ɗigo bai shiga ba. To ta ina?

Laraba, 10 ga Yuli

Na tsaya bakin ƙofar gida da Baba zai tafi da yara. Ana yayyafi, amma yana hawa titi ya sauke gilashi har ƙasa, ya ɗora gwiwar hannu a kan sabuwar robar, daidai inda tsohuwar ta lotsa. Ya karkato kai waje. Ba leƙe yake ba. Kunne ya miƙa wa hanya.

Alhamis, 11 ga Yuli

Ƙaramar, ina ɗaura mata takalmi: "Abba, ni ce mai faɗa wa Kaka in danja ta yi kore. Yaya kuma ita ce mai ganin masu babur." Wai wasansu ne su uku, ya ce kar a faɗa a gida.

Innalillahi. Tun yaushe? Ni ina nan ina fama da roba. Wallahi tsoro nake ji, abinci ma ya ƙi shiga.

Juma'a, 12 ga Yuli

Uwar yara ta ce in karɓe makullin kawai. Da baki ai da sauƙi. Tunda Inna ta rasu, kai yaran nan ne kaɗai ke fito da shi daga ɗaki. In dubi mutumin da ya koya min tuƙi in ce masa me?

Da sassafe na ɓamɓare sabuwar robar na ajiye a bayan mota. Na ce masa ba ta hau daidai ba, ruwa zai lalata cikin ƙofa, a bar motar sai na samo wata. Ya bi bakin ƙofar da yatsa tun daga farko har ƙarshe. "To," in ji shi. Shi ke nan. Na kai yaran a motar haya.

Lahadi, 14 ga Yuli

Bai fito ba. An mayar da kwanonsa yadda aka kai.

Litinin, 15 ga Yuli

Na fito na tarar da robar a jikin ƙofa, zaune daram. Shi ya mayar da ita, da lalube. Yara har sun shiga baya. Na ɗauka shi zai tuƙa.

Sai na gan shi a kujerar gefen direba, ya ɗora hannuwa a cinya. Makulli na jiki.

"Yi sauri mana, za su makara."

Na ja kujerar direba baya kaɗan, na gyara madubi. Na yau ne kawai, ba wani abu ba. A danja ƙaramar ta yi ihu, "Kore!"

Baba ya ce, "Ƙyale shi, uwata. Shi yana gani."

Ya ɗaga gilashin ƙofarsa har sama.