Layin da Zai Ratsa Unguwar Mati

Legas, Yuni 1978

Ƙanena Gide,

Ina gaishe ka. Yaya Inna da ƙafarta, yaya Hajaratu da yara? Ni lafiya lau. Gadin sito ba wuya, sai ɗan tarin damina.

Na ji kwamitin shata mazaɓu zai zo jin ra'ayinku, wai ba ruwansa da kowa. Na yi masu akawu, na san su. Layin iyakar da za su shata zai raba unguwarmu biyu don kada mu taɓa zaɓen namu. Da na ƙi zana shi aka kore ni.

Kada ku ɗaga hannun amincewa sai an bayyana maku taswirar mazaɓun. In sun ƙi, tashi ka tambaye su: gidanmu da kabarin Baba, mazaɓa ɗaya suke?

Allah ya tsare ku.

Yayanka,
Harisu